Bijimi a Ɗakin Marigayiya

Zulaihat ta kafa ƙafa ɗaya a jikin bango, ta naɗe igiyar a hannu, ta ja da iya ƙarfinta har zanenta ya nemi kwancewa. Bijimin bai motsa ba. Kansa da tozonsa sun fito tsakar gida, cikinsa ya cike ƙofar ɗakin taf, sauran jikinsa yana can cikin duhu. Ba gaba, ba baya. Ya dube ta da manyan idanunsa yana tuƙa, kamar ba shi ake wa wahalar ba.

"Bokolo, don girman Allah," ta ce da raɗa. "Ta nan ka shiga. Yaya za a yi ka ce ba ta nan za ka fita ba?"

Ta nan ɗin kuwa ya shiga, amma wata biyar ke nan.

Ranar da mutanen daji suka tare garken mijinta Mainasara a mashaya, ta wajen hanyar Gurbin Bore, shanu goma sha tara suka kora, suka bar shi kwance da harsashi a cinya. Aka ɗauke shi sai asibiti a Ƙaura. Da la'asar sakaliya, tana zaune hawaye ma sun ƙi zuwa, sai ta ji huci ta bayan gida wajen juji. Bokolo ne shi kaɗai, ya tsinke daga cikin kora, Allah kaɗai ya san yadda ya yi. Shi ne jikan bijimin da mahaifin Mainasara ya kafa garke da shi. In aka ɗebe Kyalla, saniyar da ɗingishi ya hana ta fita kiwo ran nan, babu sauran abin da ya rage na irin gidan.

Wanda aka kore wa shanu, in aka ji ɗaya ta dawo, ana zuwa karɓa, kuma ba da sallama ake zuwa ba. Kowa a Zurmi ya san akwai masu kai labari daji, amma ba wanda ya san fuskarsu. Yana iya zama mai sayen kaji, yana iya zama mai cajin waya, yana iya zama wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Shi ya sa Zulaihat ta ja Bokolo ta sa shi ɗakin Iya, uwar mijinta da ta rasu bara, ta kafa masa turke, ta toshe taga da tsumma, ta saki tabarma a ƙofar. Masu zuwa jaje duk abu ɗaya ta faɗa musu: ko jela ba ta dawo ba. In ta yi waya da Mainasara kuwa, iyakarta ta ce, "Baƙon nan yana lahiya." Shi kuma ya ce, "Ki kula da shi, Zulai. Ki kula da shi da kyau."

Zulai kuwa, a faɗi gaskiya, ta iya kiwo. Ragunanta na layya in an fito da su sai maza sun bar hira sun juyo. Ta san sirrin: duhu, turke, ba yawo, ga dusa da ruwan kanwa safe da yamma, ga angurya, ga tunkuza, ga ƙowar wake. Abin da ba ta taɓa tsayawa ta lura da shi ba, duk dabbar da ta taɓa kiwatawa a duniya wuƙa take jira.

Yau tun da asuba Kyalla ta tashi da kuka. Ta ƙi ci, tana kewaya turke, tana ɗaga jela, har turmi ta nemi hawa. Matar makiyayi ba ta bukatar a gaya mata: saniya tana neman namiji. Yini ɗaya ne abin, in ya wuce sai bayan sati uku. A shigar da ita ɗakin ba zai yiwu ba, rufin Iya ko mutum mai tsawo sai ya sunkuya. Dole shi ya fito. Ga shi ya fito rabi.

Kyalla ta sake kuka. Zulaihat ta ruga ta riƙe mata baki da hannu biyu.

A nan ta ji babur.

A garin nan yanzu ko yaron goye ya san bambancin babur mai wucewa da babur mai neman gida. Wannan a hankali yake tafe, yana tsayawa, yana ci gaba. Ya zo daidai zaurensu ya mutu. Zulaihat ta fizgo tabarmar ta lulluɓe kan Bokolo da tozonsa, ta lallaɓa zuwa bayan ƙyauren zaure, ta sa ido a tsaga. Mutum ne dogo, ya naɗe fuska da rawani sai idanu, da baƙar jaka a baya, da dogayen takalman roba.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Maigidan ba ya nan," ta ce.

"Na sani, Inna. Shi ya aiko ni. Bijimin na zo dubawa."

Shi ya aiko ni. Haka aka gaya wa matar Isah mai nama kafin ta buɗe ƙofa, kuma har yau ba a gama zancen abin da ya biyo baya ba.

"Wane bijimi? Mu da anka kore muna shanu kaf? Ka yi ɓatan gida, Malam."

Kyalla ta zaɓi wannan lokacin ta rangaɗa kuka. Bokolo kuma, wanda ya yi wata biyar bakinsa a cikin dusa bai ce uffan ba, ya amsa mata daga ƙarƙashin tabarma da wata murya mai kauri, kamar an buga ganga a cikin rijiya.

Mutumin ya yi 'yar dariya ta hanci.

"To, Inna. Zan dawo bayan azahar. Ba ni kaɗai ba."

Sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace sannan ta iya sakin ƙyauren. Ta ciro waya daga ƙugu ta kira Mainasara. A kashe. Ta sake, a kashe. Ta dubi inuwar katanga, hantsi ya riga ya ɗaga. Ta dubi Bokolo, ya ture tabarmar yana lasar hanci. In sun zo ba shi kaɗai za su ɗauka ba. Za su tambayi wadda ta yi musu ƙarya wata biyar. Ta sa kafaɗa a goshinsa ta tura, ko ya koma ciki, kamar ta tura dutse. Sai ta zame ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Ke Zulai, in kin gama kokawa da mijin naki na biyu, ara mini rariya."

Hajiya Saudat ce, maƙwabciyarta mai sayar da dusa, ta leƙo ta kafar darni. Unguwar nan kowane gida akwai irin wannan kafa ta baya, inda aka ɗage kara ko katanga ta zube aka ƙi gyarawa. Ta nan mata ke bi daga gida zuwa gida ba mayafi, da sunan aron rariya ko ɗiban wuta. Gida bakwai a jere, ba sai an taka titi ba. Labari in ya shiga ta gidan farko da hantsi, kafin a sauke tukunya ya fita ta na bakwai da ƙari.

Zulaihat ta miƙe zumbur ta tare Bokolo da jikinta, kamar jikinta zai iya rufe ko kunnensa ɗaya.

"Hajiya, wanga... wanga ba..."

"Ba mi ba? Ba sa ba ne, tinkiya ce?" Hajiya ta ƙaraso tana gyara ɗaurin ƙirji. Ta kewaya, ta dafa tozon, ta girgiza shi. "Tubarkalla! Dusata ba ta tahi a banza ba."

"Kin sani?"

"'Yar nan, mace ɗaya da saniya ɗaya mai ɗingishi, buhun dusa duk sati? Ko ke ka cinye ta? Ga kashin shanu da kike fitarwa da kwando, wanda ya fi na gidan Sarkin Fawa. Tun sati na biyu munka gane."

"Ku wa?"

"Mu duka. Gida bakwai." Hajiya ta sassauta murya. "Kin ga Suwaiba tana aiko miki da ƙowa wai ta rasa inda za ta zuba? Kin ga Amina da tunkuza? Ba sauran bijimi a unguwar ga, Zulai, duk an kore. Kowa da 'yar saniyarta ɗaya a ɗaure tana jira. Munka haɗu munka ce, wadda ta kai zancen ga titi, ko ga mijinta ne, ba ita ba mu. Wata biyar ina riƙe da labari a ciki. Ni! Har rama na yi."

Da wata rana ce, da Zulaihat ta yi dariya. Yau sai ta kama hannun Hajiya ta gaya mata zancen mai babur, da rawaninsa, da jakarsa, da abin da ya ce zai yi bayan azahar. Fuskar Hajiya ta sauya. Ta tambayi tsawonsa, ta tambayi muryarsa, ta tambayi launin babur ɗin. Hajiya Saudat, wadda ta san kowa a Zurmi har da wanda kakarsa ta fito daga Banga, ta ce ba ta san shi ba.

"Sai mu fitar da shi mu maishe shi gidana," ta ce. "Su zo su iske ɗaki wayam."

"Sai an fasa bango. Duk mai wucewa zai ji."

Hajiya ta juya ta nufi kafar darni da saurin da ba a san tana da shi ba.

Kafin a jima turame huɗu sun jeru a tsakar gidan. Mata takwas suka kama daka, ana lugude, ana tafi, ana cilla taɓarya sama, wanda ya ji daga titi sai ya rantse shirin suna ake. A bayansu Zulaihat tana kwara ruwa a gefen ƙofar don ƙasar ta jiƙa, Hajiya da Suwaiba suna sara da fartanya, kowane sara yana faɗawa daidai da faɗuwar taɓarya. Babu mai waƙa. Duk wadda ta ɗaga taɓarya idonta yana kan zaure. Sau biyu babur ya wuce, sau biyu dakan ya rikice, Hajiya ta yi tsawa ƙasa-ƙasa, "Ku ci gaba, ku ci gaba!" Ginin Iya kuwa na mutanen da ne, an cuɗa shi da ciyawa, ba ya zubewa sai da gardama.

Ladan yana ɗaga murya da kiran azahar, gefen ƙofar ya rufta. Bokolo ya fito. Ya tako ɗaya, biyu, uku, yana tafiya kamar mai taka ƙaya, ya tsaya yana haki, rana ta kashe masa ido. Suka ja shi zuwa kafar gidan Hajiya. Ko kansa da ƙyar ya shiga.

"A fasa nan ma," in ji Zulaihat.

Ba su kai ga ɗaga fartanya ba suka ji babur ɗin. A hankali yake tafe, bai tsaya neman gida ba wannan karon. Ya mutu a ƙofar zaure.

Tsakar gidan ta yi tsit. Ba wadda ta gudu. Amina tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Zulaihat ta ji taɓarya a hannunta, ba ta san lokacin da ta ɗauka ba. Aka taɓa ƙyaure. Sannan wani sauti ya biyo baya a kan dandamalin zauren, ƙwas, ƙwas, kamar ana dogara ƙarfe.

"Zulai! Buɗe mana. Wai suna ake a gidana ban sani ba?"

Taɓaryar ta faɗi a kan ƙafarta, ba ta ma ji zafi ba.

Mainasara ne, ya rame ya yi baƙi, yana dogara sandar asibiti. An sallame shi da safe, wayarsa ba caji, motarsu kuma ta daɗe a tasha tana jiran a taru a tafi a jere, shi ya sa mai babur ɗin ya riga shi isowa, sannan ya koma ya ɗauko shi. Mai rawanin ya kwance fuskarsa, sai ga saurayi mai ɗan gemu yana sunkuyar da kai don kunyar mata. Malam Nuruddeen ne, malamin dabbobi daga Ƙaura. Wansa ne ya yi jinya a gadon da ke kusa da na Mainasara.

"Ki yi haƙuri, Inna, na tsorata ki," ya ce. "Na ƙagu in gan shi ne. Kullum Baba sai ya ba mu labarinsa. Duk ɗakin asibitin an san Bokolo. Mutanen Shinkafi da anka sallama har cewa suke a gaishe shi."

Zulaihat ta juya ta dubi mijinta.

"Malam. Duk ɗakin?"

Mainasara ya sosa ƙeya. "Mutum yana kwance wata biyar, Zulai. Da mi zai yi hira?"

"Mu matan gida bakwai munka ɗinke baki," in ji Hajiya, "ashe rediyon yana Ƙaura."

Ba wanda ya yi dariya. Kowa yana lissafin mutum nawa ne suka kwanta a ɗakin nan cikin wata biyar, da masu jinyarsu, da masu zuwa dubiya, da inda kowannensu ya koma.

Sai Mainasara ya hangi bijiminsa. Ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya dogara ya je ya shafa wuyansa, ya nemi haƙarƙari da yatsa bai samu ba. Sai ya ce a kwanto Kyalla.

Matan suka ja mayafi suka juya baya, kowace ta bar ido ɗaya a waje. Kyalla ta zo ta tsaya a gabansa cak. Bokolo ya shinshina ta, ya ɗaga leɓe sama. Ya yunƙura, ƙafafunsa na gaba suka bar ƙasa kamar taki ɗaya, na baya suka yi rawa, ya dawo dim. Ya sake yunƙurawa, bai ma kai na farko ba. Ya tsaya yana haki, yawu na zuba. Sannan ya juya a hankali ya sa baki a cikin turmin Suwaiba.

Malam Nuruddeen ya durƙusa ya ɗaga masa kofato, ya shafa ƙarƙashinsa, ya miƙe yana share hannu.

"Inna, mi kike ba shi?"

Ta lissafa masa, muryarta tana raguwa da kowane abu.

"Kiwon yanka kinka yi mai, kuma kin iya. Amma sa na yanka daban, na barbara daban. Na barbara, haƙarƙarinsa ido ba ya gani amma hannu yana ji. Wanga kitse ya sauka har maraina, ya ɗumama iri, ko ya hau yau ba lalle a samu ciki ba. Ga kofato ya yi tsawo don ba ya taka ƙasa, ga ƙafar baya ba ƙarfi, ita kuwa ke ɗaukar shi."

"Ya lalace ke nan?" Da ƙyar ta tambaya.

"Bai lalace ba. Zan yanke mai kofato yanzu. A rage dusa kaɗan-kaɗan, kada a yanke rana ɗaya. A bar angurya da tunkuza. Harawa, ciyawa, ɗan gishiri, ruwa mai kyau. Amma babban maganin tafiya ce, safe da yamma, kullum, kamar wata biyu. In ba zai yi tafiya ba," ya dubi Mainasara, "gara a kai shi kasuwar Shinkafi. Mahauta za su yi rububinsa."

Tafiya. Bayan gari ba ya fituwa. Titi kuwa, a ja wannan ƙaton a gaban masu shayi da masu cajin waya safe da yamma, daidai yake da a aika daji da goron gayyata. Mainasara ya zauna a kan turmi ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya daɗe yana kallon ta.

"Ni dai ba ni iya jan shi," ya ce. "Ke kinka ɓoye shi, Zulai, ke kinka kwana da tsoron. In kin ce a sayar, ba ni ganin laifinki."

Zulaihat ta dubi Kyalla, wadda har yanzu take tsaye tana jira. Ta dubi ɗakin Iya da bakinsa a fashe. In an sayar, yau za ta yi barci har da minshari. Kuma daga yau in an ce irin shanun gidan Mainasara, sai dai a ce da. Idonta ya sauka a kan kafar darnin da kan Bokolo ya ƙi shiga.

"Hajiya, daga nan zuwa gidan Amina, ta hanyarmu, taki nawa ne?"

"Wa ya taɓa ƙirgawa? In da labari mai zahi, kamar ƙiftawar ido."

"In an je an dawo sau biyar fa, Malam?"

Nuruddeen ya leƙa ta kafar, ya hangi wata kafar a gaba, da wata a gabanta, har inda ido ya tsaya. Ya gyaɗa kai.

"Mazanmu za su ce mun rushe musu gidaje," in ji Suwaiba.

"Sai su gyara in sun ga maruƙa," in ji Hajiya. "Ku ɗauki taɓare."

Aka koma daka. Turamen suna gaba, fartanya tana biye, gida bayan gida. Da la'asar Zulaihat ta naɗe igiya a hannu ta ja, Bokolo ya biyo ta da sababbin kofatai, yana nishi, ya ratsa gidan Hajiya, ya ture mata randa. A kowane gida saniya ɗaya tana ɗaga kai daga turke tana bin sa da kallo.

Suna tsakiyar gida na uku aka ji babur a titi, a hankali yake tafe. Zulaihat ta tsaya. Matan da ke biye suka tsaya. Ta ɗora tafin hannu a kan hancin Bokolo, tana jin ɗumin numfashinsa. Babur ɗin ya rage gudu daidai katangar. Ya yi kamar zai mutu. Sannan ya wuce.

Gobe ma za a ji wani, da jibi, har wata biyu.

Tsohuwar gidan ce ta fara motsi. Ta lallaɓo da ƙwarya cike da dusa ta miƙa wa bijimin. "Ɗan kaɗan dai, bawan Allah, ya sha tahiya."

Zulaihat ta karɓe ƙwaryar ta ɗora a kan katanga, inda bakinsa ba zai kai ba. Ta ja igiya.

"Mu je, Bokolo. Saura gida huɗu."